Kujerar Inna a Ajinmu

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da matarmu, Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa zaman nesa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta.

Saƙonka ya iso, wai in cire 'yarka Takwara, mai sunan Inna, daga makarantarmu in kai ta inda ba a jin komai sai Turanci. Haba Yaya, rabin labari aka kai maka. Gaskiya ne sabon tsari ya ce a fara wa yaro karatu da harshen gidansu. A ajina harsuna uku ne, shi ya sa da safe kowane rukuni ke jan bencinsa zuwa kusurwarsa, bayan hutu mu haɗu mu yi Turanci. Jarrabawa kuwa ɗaya ce a duk ƙasar, ba a rage wa kowa komai ba. Ka tuna bara 'yarka ko tari ba ta yi a aji, har aka so ta maimaita. Bana roƙonta nake ta yi shiru.

Ba mu da littattafai a harshen Inna, sai shugabar makaranta ta roƙi tsofaffi su riƙa zuwa ba da labari, mu rubuta a allo, yara su karanta. Inna ta ce atafau ba ta zuwa. Wai rabonta da makaranta tun ranar da aka kira ta, ta same ka durƙushe a rana don ka yi harshenta a aji. Takwararta ce ta jawo ta da hannu. Ran nan ta tsaya gaban allo, jikarta na bi da yatsa tana karanta mata maganarta. Sai Inna ta juyo ta tambaye ni a hankali, "Ashe namu ma yana rubutuwa?" Wallahi sai da na fita na share hawaye.

Yanzu tana da kujerarta kusa da taga, kuma takan riga mu shiryawa. 'Yarka ce, Yaya, abin da ka yanke shi za a yi. Amma ni ba zan iya gaya wa Inna ba. In ka nace, ka kira ta ka gaya mata da bakinka, da harshen da ka ga dama.

Inna da Kawu Tela suna gaishe ku, Takwara ma na miƙo tata gaisuwar. A shafa mini kan jariri.

Ƙanwarka,
Auta