Ku Mayar wa Inna Rigar Mijinta

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Kwalejin Soja, Reshen Bauchi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa irin wadda ta dace da uba, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan ƙungiya.

"Hajiya, matso ki gani da idonki. Kin ga baƙin tabon nan a ƙasan aljihun hagu? Nan harsashi ya goge shi. Da ya matsa kaɗan, da ƙasar nan ta yi asarar Janar tun yana ƙaramin hafsa."

Ranka ya daɗe, wannan ita ce maganar da jami'inku na hulɗa da jama'a ya yi mini ranar Asabar ɗin da kuka buɗe Ɗakin Tarihi a sakatariyarku. Ya faɗe ta muryarsa na rawa, baƙi suna girgiza kai, masu waya suna ɗauka. Ina so in sanar da kai, da duk wanda ya ji labarin nan ya kai shi gida, cewa ba harsashi ne ya yi wannan tabo ba. Dutsen guga ne na gawayi. Wadda ta riƙe dutsen kuwa tana tsaye a gefena a lokacin, ta dafa kafaɗata. Mahaifiyata ce. Rigar kuma ba ta Janar ba ce.

Sunana Rabi'atu, 'yar marigayi Manjo Haruna Bappayo, ɗaya daga cikin waɗanda kwalejinku ta yaye. Na zo ofishinku sau uku, na rubuto muku takarda sau biyu, ban samu amsar da za a iya maimaita wa tsohuwa ba. Shi ya sa na kawo maganar fili. Zan jera ta dalla-dalla, domin na lura kuna son abu a jere cikin gilashi.

Na farko, yadda rigar ta zo hannunku.

Bayan Ƙaramar Sallah sakatarenku ya zo gidanmu da ke Ƙofar Ran. Ya zauna a tabarma, ya sha fura, ya kira Baba da sunan da 'yan ajinsu suke kiran sa da shi a kwaleji, har Inna ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ya ce za ku buɗe ɗakin tunawa da 'yan'uwanku, kuna neman aron kayan kowane marigayi na wata ɗaya, a rubuta sunansa a jiki. Inna ta shiga ɗaki ta fito da rigar faretin Baba. Ya ba mu takardar shaidar karɓa mai ɗauke da hatiminku da sa hannunsa. An rubuta "aro" a ciki, an rubuta sunan mai riga. Takardar tana wurina.

Ya kamata ka san abin da ta ba ku. Lokacin rabon gado, kawunnanmu sun haɗa tufafin Baba za a raba, a ba da saura sadaka, kamar yadda aka saba. Inna ba ta ce uffan ba a kan gona, ba ta ce uffan ba a kan gida. Sai da aka ɗago rigar nan ta yi magana daga bayan labule, ta ce a sa mata ita a cikin tumunin takabarta. Malamin da ke rabon ya ce tsohuwar riga ai ba sai an lissafa ba, ta ɗauka kawai. Ta ce a'a, a lissafa, don kada wata rana wani ya ce alfarma aka yi mata. Saboda haka rigar nan ba kayan tarihi ba ce da ke neman mai shi. Dukiyar mace ce mai rai, wadda shari'a ta mallaka mata a gaban shaidu.

Tabon kuwa ga asalinsa. Satin farko da aka kai Inna barikin da Baba yake aiki, tana amarya, ta ce ita za ta goge masa rigar fareti. Ba ta saba da dutsen gawayi ba. Ta cika shi da garwashi, ta ɗora, maƙwabciya ta yi sallama, ta waiwaya. Da ta ɗaga, hancin dutsen ya riga ya zauna a jikin rigar, kusurwa uku ras. Ta kwana biyu tana kuka. Baba ya sa abarsa haka ya fita fareti, da babbansu ya tambaye shi ya ce shi ya ƙona da kansa, ya karɓi horonsa. Iya ƙaryar da aka taɓa yi a kan rigar nan ke nan kafin ta shigo hannunku, kuma ka ga ita ma don rufin asiri aka yi ta.

Na biyu, abin da muka tarar ranar biki.

Katin gayyata kuka aiko mana, mai ruwan zinariya. Inna ta sa atamfarta ta zuwa suna. Idonta ya yi rauni, don haka ni nake karanta mata. Na bi Bangon Fitattu daga wannan kusurwa zuwa waccan: masu anini da yawa, waɗanda suka riƙe jihohi, waɗanda suka cire kaki suka sa babbar riga suka ci gaba da mulki, da waɗanda suka zama shugabannin kamfanoni. Babu Baba. Ban yi mamaki ba, ban kuma ji haushi ba. Mutumin da ya yi ritaya yana Manjo, ya koma noman dawa da masara a Miri, yana zuwa gona a kan babur, ai ba shi da abin da zai yi a wannan bango. Shi ma da yana raye ba zai nema ba.

Sai muka iso tsakiyar ɗakin, inda akwatin gilashi yake, da fitila a samansa. Ga riga a tsaye. An cire ƙyallen sunan da ke cikin wuyanta, ana ganin ramukan allura. An jera mata lambobin yabo a ƙirji waɗanda Baba bai taɓa samu ba. A ƙasa an rubuta sunan Janar. Ba zan ambaci sunansa a nan ba, domin ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba shi ya yi wannan aiki ba.

Nan ne jami'inku ya ba da labarin harsashi. Inna ta sake ni, ta matsa har numfashinta ya taɓa gilashin. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, a hankali yadda ni kaɗai na ji, "Rabi, wannan ai gugata ce."

Na buɗe baki zan yi magana, ta matse mini hannu. Ɗan Janar ne ya ƙaraso, magidanci mai furfura, ya tsaya gaban gilashin yana share hawaye da hularsa. Ya ce bai taɓa sanin mahaifinsa ya kusa mutuwa haka ba. Inna ta ce masa, "Allah ya jiƙansa." Ta ce da ni mu tafi gida.

Ka ga ke nan gida biyu kuka cuta da riga ɗaya. Mu kun karɓe mana namu. Shi kun sa shi kuka a kan abin da ba nasa ba. Ban san wanne ya fi ba ni ƙyama ba. Ina kuma mamakin yadda ɗaki cike da tsofaffin sojoji ba a samu mutum ɗaya da ya tambaya ba, wane ne yake zuwa fagen daga da rigar fareti.

Na uku, bayanin da sakatarenku ya yi mini.

Na same shi ranar Litinin. Bai musa ba, kuma na yaba masa da wannan. Ya ce, "'Yata, zauna mana. Riga ai riga ce, duk iri ɗaya muka sa." Ya ce ta Janar ta ɓace wajen ƙaura daga wannan gida zuwa wancan, ga manyan baƙi suna tafe, ga akwatin gilashi an riga an saya, ba za a bar shi fayau ba. Cikin duk kayan da aka karɓo aro, ta Manjo ce kaɗai asu bai taɓa ba, maɓallanta cif. Sannan ya ƙara da maganar da har yau take yi mini yawo a kai: "Manjo mutum ne mai sauƙin kai, da yana nan ba zai damu ba."

Wato ladan matar da ta adana kayan mijinta da kyau shi ne a ba wa wani. Ladan mai sauƙin kai kuma shi ne a cire masa suna. Na karanta tarihi a jami'a, na ga yadda masu iko suke gyara labari, amma ban taɓa zaton zan ga ana yi da reza da allura ba.

Na ce to a ba ni abata. Ya ce hotunan sun riga sun shiga mujallar ƙungiya, iyalan Janar kuma su suka ɗauki nauyin ɗakin, ya za a yi a dube su a ce an yi kuskure? Ya ce in yi haƙuri har abin ya lafa. Ya miƙo mini kalanda da hula mai tambarinku.

Na huɗu, tunda kuna yawan faɗin kalmar zumunci.

A jawabinka na ranar bikin ka ce ɗan kwalejinku ba ya barin ɗan'uwansa a baya. An tafa sosai. Baba ya yi shekara biyu kwance da shanyewar ɓarin jiki, tafiyar minti kaɗan daga sakatariyarku. Ban ga motar ƙungiya a ƙofar gidanmu ba. Wanda na gani shi ne Baba Yohanna, ɗan ajinsu, da yake hawo keke daga Yalwa duk ranar Lahadi bayan ya taso daga coci. Shi yake yi masa aski, shi yake juya shi, ya zauna yana zolayarsa da yadda ya faɗo daga kan doki a kwaleji, har ɓarin bakin da ke motsi ya yi murmushi. Ku kun zo ranar sadakar uku. Kun zo da babban ƙyalle mai tambari, kuka ɗaura a jikin rumfa, aka ɗauki hoto, kuka kwance abinku kuka tafi kafin a shafa fatiha ta ƙarshe.

Shi ma Baba Yohanna ba ya kan bangonku. Yana da hoton da suka ɗauka da Baba bayan wancan fareti, tabon yana nan a fili. Da na gaya masa abin da ya faru, ya ce, "Rabi, kai ni wurinsu." Na hana shi, saboda hawan jininsa. Amma ya ce in rubuta cewa a shirye yake ya ba da shaida a gaban kowa.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

A mayar wa Inna rigarta, a gidanta, ta hannun wanda ya karɓa. A cire lambobin da aka liƙa mata a hankali, kada a yaga. A nemo ƙyallen sunan in yana nan, Inna za ta mayar da kanta. A je a gaya wa iyalan Janar gaskiya a cikin gida da mutunci, kada su ji a bakin duniya fiye da yadda wannan takarda ta riga ta jawo. A gyara abin da aka buga a mujalla. Sannan a kira sauran iyalan da kuka karɓi kayansu su zo su duba, domin ban yarda rigarmu ce kaɗai ta canza uba a ɗakin nan ba. Ba ma neman a sa Baba a bango. Ba ma neman kalanda.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya jiƙan Janar, ya jiƙan Manjo, ya jiƙan duk waɗanda suka sa kakin nan suka tafi ba a san sunansu ba. Allah ya ba ka zuriyar da za ta adana abin da ka bari, ya kare shi daga hannun masu gyara.

Saura abu ɗaya. Zuwana na uku, Alhamis ɗin da ta wuce, Inna ce ta aike ni. Ba ta ce in yi faɗa ba. Ta ƙulla kafur a leda ta ba ni, ta ce damina ta kama, in ma ba za su bayar yanzu ba, a taimaka a sa wannan a aljihun ciki, don rigar ba ta son danshi. Na kai wa sakatare. Ya juya ledar a hannunsa, ya ce mabuɗin gilashin yana wurinka, kai kuma ka yi tafiya. Na ajiye masa a kan tebur. Ya rako ni har bakin ƙofa yana cewa in gaida Hajiya, ban gama sauka daga matakala ba na ji ya turo ƙofar ya murza mabuɗi. Na tari keke na koma gida. Inna ta tambaye ni ko an sa. Na ce mata an karɓa.

Kafur ɗin yana kan teburin sakatarenka. Idan ka dawo, ko ba ka yi komai a cikin abin da na roƙa ba, ka sa a buɗe gilashin a yi mata wannan.

Wassalam.

Rabi'atu Haruna Bappayo,
Ƙofar Ran, Bauchi.