Abin da Baba Ya Bar Mana a Jini

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? Yaya ya ce sau biyu yana kama ki a kan kujera kina sharar yana. Don Allah ki bari. Mu nan lafiya lau, jikokinki da babansu suna gaishe ki.

Kin sha tsokanata cewa ni likita ce da ba ta taɓa ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba. Gaskiyarki. Aikina yana ɗaki na ƙarshe a hawa na biyu, tsakanin firji uku da madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Idan an yi wa mai ciwon dajin hanji tiyata, sai a kawo mini ɗan abin da aka yanko, in yanka shi siriri, in rina shi, in duba. Shekara huɗu ke nan ni da Farfesa, shugabanmu, muna bin tambaya ɗaya: me ya sa ciwon ke kama wasu tun suna da ƙuruciya, kuma yake bin gida ɗaya yana ɗauka? Saboda haka nake zama da marasa lafiya, in tambaye su iyaye da kakanni, in zana danginsu a takarda, in yi wa duk wanda ciwon ya taɓa baƙin ɗigo.

Ranar Litinin na zauna da wata malamar makaranta, shekararta talatin da shida. Da na tambaye ta mahaifinta, sai ta ce basir ne ya kashe shi, ya yi ta zubar da jini har ya rame ya ƙare. Na yi mata bayani a hankali cewa basir ba ya cinye mutum haka. Ina cikin maganar sai na tuna cewa kalmomin nan aka faɗa mini game da Baba ina 'yar shekara tara.

Da ta tafi na ɗauki sabuwar takarda na zana mu. Baba, da ya rasu yana da shekara arba'in da uku. Baffa, ƙanensa, da aka ce ciwon ciki ne. Gwaggo, da aka cire wa mahaifa ba ta tashi ba. Ɗigo uku a layi ɗaya, Umma. Gida sittin da biyu na zana kafin in ga namu.

Ban taɓa tambayarki ba, don na san ba kya son zancen. Yau ina roƙonki ki rubuto mini yadda ciwon Baba ya fara, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Na zaɓi takarda maimakon waya don ki amsa lokacin da kika ga za ki iya.

Taki har kullum,
Auta

*

Ummata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata wannan ta same ki lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin matakala, na sake karantawa a zaune.

Ban san shekara biyu ya yi yana ɓoyewa ba, yana wanke tufafinsa da kansa don kada ki gani. Ban san ke kika riƙa nemo masa maganin basir iri-iri kina dafawa ba. Amma layin ƙarshe shi ya hana ni sukuni, inda kika ce da kin kai shi asibiti da wuri da yana nan, kuma shekara ashirin da tara kina kwana kina tashi da wannan.

Umma, ki saurare ni a matsayin wadda ta san aikinta. A lokacin, ko asibitin kuka je, mai yiwuwa maganin basir ɗin za a ba ku a sallame ku. Har yau muna ganin haka, shi ne ma rabin abin da nake rubutawa a bincikena. Kin yi jinyar mijinki da abin da kika sani. Ni da na yi karatun, shekara huɗu ina kallon irin wannan zane ban gane gidanmu ba. In akwai mai jin kunya, ba ke ba ce.

Ga inda nake neman taimakonki. In zatona gaskiya ne, akwai wata tawaya a ƙwayar halitta da ake gada, kuma kowane ɗa na Baba yana iya ɗauka, yana iya tsira. Ana ganewa da gwajin jini. Sannan akwai siririyar na'ura mai kyamara da ake duba cikin hanji da ita, in an ga tsiro a cire tun bai zama ciwo ba. Yaya ya cika arba'in da ɗaya. Na kira shi na yi masa bayani, ya saurara har na kai inda ake shigar da na'urar, sai ya ce, "Auta, ni na goya ki. Ki nemi wani abokin wasan." Ya kashe wayar. Matarsa kuwa ta gaya mini a asirce cewa wata uku ke nan yana yawan shiga bayan gida, wandunansa kuma sun fara yi masa yawa.

Ni ba zai ji maganata ba. Ke ce kawai.

'Yarki,
Auta

*

Umma,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata bayanki bai yi tsami ba, don na ji labari.

Yaya da kansa ya ba ni, yana fushi yana dariya. Wai kin je shagonsa na kafinta da sassafe, kin zauna kan bencin da wani ya ba da a yi masa, ba ki ce uffan ba. Ya kawo shayi kin ƙi, ya kawo matashi kin ture. Kwana uku a jere, har masu sayen kaya suka fara tambayarsa laifin da ya yi wa mahaifiyarsa. A rana ta uku ya ce ki faɗi abin da kike so, kika ce kin binne ɗaya da hannunki, ba za ki tsaya a binne na biyu ba. Ya ce nan ya ajiye zarto.

An duba masa hanjin ranar Alhamis. Ya kafa sharaɗi kada in shiga ɗakin, na zauna a waje tare da matarsa, muna kallon wata tsohuwar kalanda har na haddace ta. Bayan minti arba'in likitan ya fito ya ce ya ga tsiro biyu, ɗaya ya kai girman ɗan yatsa, ya cire duka. Ban yarda a kawo su teburina ba, abokiyar aikina ta duba. Jiya ta kira ni ta nuna mini a madubi. Babban ya riga ya fara juyawa zuwa daji, amma bai shiga cikin naman hanjin ba. Da an ƙara shekara guda, da wata wasiƙar nake rubuto miki. Gwajin jininsa ya nuna ya gada, don haka zai riƙa zuwa a duba shi akai-akai.

Yanzu ga abin da na ɓoye miki. Da ya farfaɗo yana shan ruwa, sai ya dube ni ya ce, "Ke yaushe aka yi miki naki?" Na fara kame-kame da zancen aiki ya yi yawa. Ya ce, "Au, ashe ni kika turo in gwada miki zurfin ruwan."

Ba a yi mini ba, Umma. Wata biyu ke nan takardar gwajin tana cikin aljihun teburina. Na faɗa wa mutum sama da ɗari cewa sani ya fi rashin sani, ga shi ni tsoro nake ji. Ba don kaina ba sosai. In na dubi jikokinki suna rigima kan kujerar gaba a mota, sai in ji ba na son sanin abin da na ba su. Gobe Yaya zai raka ni, ya ce in na ƙi zai aro bencinki.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

*

Ummata abar ƙaunata,

Ina miki fatan alheri, da fatan kin wuni lafiya. Ba zan ja miki rai ba: ni ma na gada. Amma an duba hanjina, tas yake, babu ko tsiro ɗaya.

Farfesa ne ya ba ni sakamakon da kansa, a kujerar da nake zaunar da mutane. Na yi kukana a ɗakin firji, inda ƙara ke rufe murya, na wanke fuska na koma bakin aiki. Da yamma baban yara ya ce mini Baba bai samu wanda zai gaya masa ba, yaranmu kuwa uwarsu ce ta fi kowa sanin abin. Idan sun girma za a gwada su. Na samu natsuwa fiye da yadda na zata.

Saura magana mai wuya. Baffa ya bar 'ya'ya huɗu, kuma babu wanda ya san komai a cikinsu. Na san rabonki da matarsa shekara tara, tun maganar da ta faɗa miki a gaban mutane, kuma ban manta yadda kika dawo gida ranar ba. Na kira ta sau uku, da ta ji muryata sai ta ajiye. In na je ni kaɗai, yarinya ce ta zo da zancen asibiti. In kuwa ta buɗe ƙofa ta gan ki, za ta san ba ƙaramin abu ne ya kawo ki ba.

Ban ce sai kun sasanta ba. Ki dai tsaya kusa da ni har in gama magana. Na ɗauki hutu, zan iso ranar Juma'a da hantsi. Babban ɗanta ya shiga talatin da tara, kuma na ji an ce kwanan nan yana shan maganin basir.

Taki mai ƙaunarki,
Auta