Tayar Baya ta Hagu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon bayan nan da ke damunki. Mu ma nan mun gode Allah. Baban yaron ya koma bakin aikinsa, sai ranar hutu yake leƙo mu asibiti. Auta tana wajen kakarta, an ce har ta fara tafiya tana dafa bango, ni dai ban gani ba tukuna.

Yaya, saƙonki ya iso, da kika ce tunda likitoci sun ce ciwon dajin da ke ƙashin yarona ya fi ƙarfin magani, mu kwashe kayanmu mu koma gida, kada a yi ta ɗura wa ɗan shekara shida maganin da ke sa maye. Ni ma haka na ɗauka da fari. Ranar da aka ce an mayar da mu ɗakin da ba a warkarwa, sai dai a rage wa yaro wahala, na zaci ɗakin jiran mutuwa ne. Sai na tarar da labule mai zanen kifi, ga kayan wasa a ƙasa, wata yarinya da roba a hanci tana rigima da nas wai ta yi mata maguɗi a lido. Na rasa gane kan abin. Har yau ma ba duka na gane ba.

Kin san shi da jar motarsa ta roba, ba ya rabuwa da ita, shi ya sa duk ɗakin Direba suke ce masa. Kin kuma san yadda aka rene mu, namiji ba ya kuka. Kullum ina ce masa jarumina, kai ba rago ba ne. To, nas-nas ɗin suna da wani kati mai fuskoki, daga mai dariya har mai hawaye, a ce yaro ya nuna wadda ta yi kama da yadda yake ji. Direba sai ya kalle ni, ya ɗora yatsa a kan mai dariya. Ni kuwa sai murna, ina ce wa mutane ya samu sauƙi. Alhali ba ya cin abinci, kuma ya tauna gefen zanen gado har ya huje.

Babbar nas ɗinsu, da ake kira Sista Mai Tabarau, ita ta lura. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi in je in wanko kofi, sannan ta raɗa mini in tsaya a bayan ƙofa. Da girmanta da ƙibarta ta durƙusa gefen gadon, har gwiwarta ta yi ƙara, ta ce masa ita bakanikiya ce, an ce mata akwai motar da ke ba direbanta wahala. Ta karɓi motar ta kara a kunne, ta tambaye shi ina ya lalace. Sai ya nuna tayar baya ta hagu. Ƙafarsa ta hagu ke nan, Yaya. Ta tambaya ko sacewa tayar ta yi ko wuta take ci. Ya ce wuta, tun jiya, amma kada a gaya wa mai motar, don kuka za ta yi. Ni ce mai motar.

A ranar likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani sannu a hankali, sau biyu, bai ƙosa ba. Ya ce maganin na ruwa ne, daidai nauyin yaro ake aunawa, kuma idan an ba da shi yadda ya kamata don ciwo ba ya mayar da yaro mashayi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba sa jira sai yaro ya yi kuka. Da agogo suke bayarwa, tun ciwon bai farka ba, wai ba a bari sai gobara ta kama sannan a je neman guga. Da aka ba Direba, ya yi barci irin wanda rabona da ganinsa na manta. Da ya tashi ya ci abinci, har ya ce miya ba gishiri. Sista ta ce direban da ya fara kushe girki ya hau titi ke nan, fasinja su yi hattara.

Ta ba ni labari cewa lokacin da ta fara aiki babu irin wannan ɗaki. Wai a da gani ake yi ƙananan yara ba sa jin ciwo kamar manya, ko kuma mantawa suke yi, sai a danne su a yi abin da za a yi. Ta ce bayan ta tsufa a aiki ta koma ta koyi wannan hanyar, tare da sa'o'in 'ya'yanta. Ban taɓa ganin masu haƙuri irinsu ba. Ba su ce mini zai warke ba, amma ba su ce aikinsu ya ƙare ba. Yanzu suna koya mini auna maganin da sirinji, in na kuskure su ce in sake. In na iya za mu koma gida kamar yadda kike so, amma da maganinmu, kuma nas za ta riƙa zuwa tana duba shi.

Sista ta ce in rage kiransa jarumi, in riƙa tambayarsa ina ke ciwo, kuma in ya faɗa kada in ɓata fuska. Da wuya, Yaya, amma ina yi. Jiya da safe ina shanya tawul, motar tana can ƙarƙashin gado, sai ya kira ni ya ce ƙafarsa tana ciwo kaɗan. Ni ya gaya wa, da bakinsa. Na ce masa to, na gode, bari in kira Sista. Ban taɓa zaton zan yi hamdala don ɗana ya ce yana jin ciwo ba, sai ga shi na yi. Don Allah in kin kira waya kada ki ce masa ya daure. Ki tambaye shi kawai, zai gaya miki.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Goggo, da Kawu Dogo, da 'yan biyunki. Direba ya ce a ce musu kujerar gaba tasu ce. Ku sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Direba