Na Kunna Monitarka, Tasi'u

Zuwa ga ƙanena Tasi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake yi wa wanda ya riga shi, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima, ya yalwata maka makwanci. Yayanka ne Sabi'u, daga Doha, daga ɗakin nan namu na unguwar Matar Ƙadim da ka bar ni a ciki shekara biyu da 'yan watanni ke nan. A shafina na sada zumunta na sa takardar nan, na san jama'a za su karanta. Su karanta. A gaban mutane na ci maka mutunci, to a gaban mutane za mu ƙarasa maganar.

Dalilin rubuto maka shi ne, jiya Juma'a da hantsi na kunna monitarka. Eh, ita dai. Kuma tun jiyan a cike nake da kai, kamar in fashe. Abu ɗaya ya hana ni sakat tun ranar da aka ce ka cika: shin da haushina ka tafi a ranka, ko kuwa ka yafe mini? Ba ni da wanda zan tambaya, don haka kai zan tsare.

Bari in tuna maka, tunda kai ka samu wuri ka kwanta ka bar ni da tunani.

Lokacin kullen korona ne. Masallatai a rufe, ladan yana cewa kowa ya yi salla a gida. Ni ina gadi a filin jirgi, ina tsaron ƙofar da ba mai shiga ba mai fita. Kai kuwa aikinka ninkawa ya yi, kana yawo a mota kana kai wa mutane saƙo har ƙofa. Ka riga ka harhaɗa kwamfutarka da 'yan kayan hannu da ka tsinto a shagunan Asian Town, saura allon da za ka jona mata. Ka ishe mu da waƙar monita. Ana cin abinci monita, ana wanki monita. Ka ce ta gama-gari sau sittin take sauya hoto a daƙiƙa guda, wadda kake so kuwa sau ɗari da arba'in da huɗu, wai ɗan wasa in ya ruga a gem sai ka gan shi sumul ba karkarwa. Na ce maka idon ɗan Adam ba ya ganin wannan, 'yan kasuwa ne suka samu wawa. Ka yi dariyar nan taka mai ba da haushi, ka ce, "Za ka gani, Yaya."

Ranar da aka kawo ta, ba ka san daga inda na fito ba. Awa goma sha biyu a tsaye da takunkumi a fuska, kuma a ranar aka karanto mana sunayen waɗanda za a sallama su koma gida. Babu sunana, amma akwai na wanda yake tsaye kusa da ni, magidanci mai 'ya'ya biyar. Da wannan na shigo ɗaki. Sai na tarar da kai a durƙushe gaban wani zungureren kwali da wuƙa a hannu, bakinka har kunne. Ga Awudu mutumin Kumasi, abokin zamanmu, ga maƙwabta biyu sun kewaye ka sai ka ce ana raɗin suna.

Na sauke maka kwandon bala'i. Na ce gardi da kai, gemu ya fito, duniya tana ta mutuwa kai kana sayen kayan wasan yara. Na ce ni na kawo ka ƙasar nan, ni na tsaya maka a wurin kafil, ubangidan da ya ɗauki nauyinmu, ba don ka zo ka zama ɗan gem ba. Duk wannan da sauƙi. Sai bakina ya zarce, na ce, "In ka kunna abin nan a ɗakin nan, ban yafe maka ba."

Magana zarar bunu. Tana fita na so in kamo ta, amma ga idon mutane.

Kai kuma me ka yi? Ka ce, "To, Yaya." Ka ɗauko salatif ka maida kwalin ka liƙe, ka ɗora shi a saman durowa. Shi ke nan.

To a nan haushina yake, Tasi'u. Kai ne fa! Kai da marigayi Baba ya hana zuwa rafi ka je, aka zane ka, washegari ka koma. Kai da Inna take cewa kunnenka na ƙashi ne. Tun kana rarrafe ban taɓa cewa ka bari ka bari ba. Na hana ka gudu da mota, ka yi. Na hana ka askin banzan nan, ka yi. Sai ranar da na faɗi maganar da ba ta da kai ba ta da gindi, ran nan ka ga damar zama ɗa na gari? Haba! Da ka yi mini taurin kan da ka saba, ka jona abinka ina tsaye, da na yi faɗa na gaji, da yamma mu ci shinkafa a faranti ɗaya. Ka san halina sarai. Ka san wutar kara ce.

Kwana tara na yi ina gaba da kai. Ni mai salla, ni da na san Musulmi ba ya wuce kwana uku. Ka ce ina kwana Yaya, in amsa ta hanci. In dawo aiki in tarar ka rufe mini abincina da faranti, in ci ban ce sannu ba. Wallahi amsar tana bakina, na shirya ta tsaf. Jira nake ka sake roƙo sau ɗaya in ce, yalla, je ka kunna, khalas, magana ta wuce. Kai ma ka ƙi roƙa. Jinin gidanmu ɗaya ne, girman kan ma ɗaya.

A cikin kwanakin nan ka janye katifarka ka kai baranda, ka ce wa Awudu sanyin na'ura ya yi maka yawa. A tsakiyar zafin Doha, zafin da ko kyanwa ba ta fita. Ni kuma sakarai na ce fushi kake yi, na ce bari in ga iya gudun ruwanka. Ashe zazzaɓi ne yake cin ka. Ashe nesa da ni kake yi don kar in ɗauka. Awudu ya ji tarinka ya tambaye ka, ka ce da sauƙi. Ka bi lemon tsami da citta kana ta ɗirka, kana fita aiki, don kar a killace gidan gaba ɗaya sunana ya shiga takardar sallama. Wa ya roƙe ka? Wa ya ce maka aikin gadi ya fi mini kai? Tir da wannan "da sauƙi" da aka koya mana tun muna yara. Mutum yana mutuwa a tsaye, a tambaye shi ya jiki, ya ce alhamdulillahi.

Rana ta goma ka yanke jiki ka faɗi a matakala. Motar asibiti ta ɗauke ka, mu kuma aka killace mu. Na aiko maka da saƙo a waya, kalma biyu tak: ya jiki. Ka amsa, "Da sauƙi, Yaya." Na rubuta wata doguwa na goge, na sake rubutawa na goge. Na ce irin wannan ba a waya ake faɗa ba, sai ka fito. Washegari aka sa maka na'urar numfashi. Kwana shida bayan nan aka kira ni.

Ban yi maka wanka ba. Ban tsaya a sahun sallarka ba. Ban ɗauki makararka ba. Ina kulle a ɗaki, wani bawan Allah ɗan garinmu ya riƙe mini waya daga nesa ina kallon mutane cikin fararen rigunan leda suna saka ka a rami. Na ɗaga kai, kwalin nan yana saman durowa yana kallona.

Da Inna ta samu bakin magana, abu ɗaya ta tambaye ni: "Kun dai rabu lafiya da ɗan'uwanka?" Na ce lafiya lau. Ka ji, irin ƙaryarka na yi mata. Na je wurin wani malami a nan na zayyana masa komai, ya ce in kwantar da hankalina, tunda ba ka kunna ba maganata ba ta hau kanka ba. Na yi godiya na tashi. Bai gane ba. Ai rashin kunnawar ne yake ci na.

Inna da sauran magada sun ce in riƙe kayanka na nan, amma shekara biyu ko ƙurar kwalin ban share ba. Sai ga gasar ƙwallon duniya ta zo, gari ya cika maƙil, filin jirgin da nake ƙirga tayil saboda zaman banza yanzu ko wurin sa ƙafa babu. Kai da ka ce ko a bakin ƙofar filin wasa ne sai ka je ka ji ihun mutane. Awudu kuwa tun da ƙasarsu ta fitar da mu a wasannin share fage ba mu sha ruwa ba, kullum da tuta a wuya. Ana cikin haka tsohuwar talabijin ɗinmu ta mutu. Jiya ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya daina wasan, ya dubi saman durowa ya dube ni, ya ce, "Sabi'u, har yaushe?"

Na hau kujera na sauko da shi. A nan na fara ganin abin da ban so ba. Salatif ɗin hawa-hawa ne, an yanka an liƙe, an yanka an liƙe, ya kai sau huɗu. Wato in na tafi aiki sai ka sauko da ita ka buɗe, ka kalla, ka shafa, ka mayar. Ba ka taɓa kai ta kusa da soket ba. Kai, Tasi'u, ka cuce ni.

Muka kafa mata ƙafa, na ɗaure notin da hannu. Na ɓare ledar fuskarta a hankali. Na zaro kebul ɗin tsohuwar talabijin na jona ta da kwamfutarka, na danna. Kwamfutar ta yi 'yar ƙara ta tashi, allo ya kawo haske. Na kama maus na juya, na zuba ido. Babu wani bambanci. Daidai da kowane allo da na taɓa gani a ofishin masu gadi.

Ka san me na yi? Dariya. Na ce wa Awudu, ka gani ko, na faɗa masa! Wallahi daɗi na ji, har cikin raina. Kana cikin kabari shekara biyu, ni ina nan ina murnar na ci gardama. Ka ga irin yayan da Allah ya ba ka.

Awudu ne ya kifa kwalin yana neman littafin bayani, sai wani sabon kebul ya faɗo a cikin leda, da takarda a naɗe a jikinsa. Irin takardun nan ne na kai saƙo da kake cika aljihu da su. Na duba kwanan watan da ke gabanta, yana cikin kwana taran da nake gaba da kai. A bayanta ga rubutunka, tafiyar kazar nan da malamanka suka yi fama da ita. Ka tsara wa kanka yadda za ka haɗa ta ranar da na huce.

Ka rubuta cewa kar a yi aiki da tsohon kebul, ba zai iya ɗauka ba, a sa wanda ya zo a kwali, mai yankakken gefe. Ka ce a soka shi a ramin ƙasa, wurin katin hoto, ba na sama ba. Ka ce ko an yi haka a kan sittin take zuwa, sai mutum ya shiga saiti ya ɗaga ta da hannunsa zuwa ɗari da arba'in da huɗu, har ka ja layi biyu a ƙarƙashi, wai mutane da yawa suna shekara da ita ba su sani ba. Ka ce kallon ƙwallon talabijin ba zai canja ba, a gem ake gani. Sai layin ƙarshe: "In ta hau, a kira Yaya ya juya maus da kansa, kar a ce masa komai."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, sau biyu ina ɓata a cikin saitin. Allon ya ɗauke ya dawo. Na juya maus. 'Yar kibiyar nan ta bi hannuna kamar an zuba mata mai, ba tsalle ba inuwa. Na maida ita sittin, ta koma ɗingishi. Na sake ɗagawa. Ko makaho ya shafa ya san da bambanci. Awudu ya ɗauki takalminsa ya fita ya ja mana ƙofa.

Kai ne da gaskiya. Ga shi na faɗa a gaban kowa.

Na karanta layin nan ya fi a ƙirga, ina neman amsar tambayata a ciki. Wanda yake riƙe da mutum a zuci ba ya shirya masa tsokana, wannan na sani. A ranar da nake amsa gaisuwarka ta hanci, kai kana zaune a mota da zazzaɓi kana tsara yadda za ka ba ni kunya mu yi dariya. Na ɗauka in na san haka zan samu sauƙi. Ban samu ba. Da zagina na tarar a takardar da ya fi mini, don da na ce mun yi kunnen doki. Yanzu laifin duka nawa ne, ba ka bar mini ko ɗan abin da zan riƙe ba.

Ɗan ƙanena, na janye maganata. Na janye ta tun kafin in rufe baki a ranar, tsoron idon mutum uku ne ya hana ni faɗa. Ba ka yi mini komai ba balle in yafe, amma in akwai, na yafe duniya da lahira. Ni ne mai nema, kuma na zo a makare. Yau bayan la'asar zan kira Inna in gaya mata ba mu rabu lafiya ba, kuma ni ne sanadi. Abin da za ta ce mini, ban sani ba.

Allah ya jiƙanka, Tasi'u. Allah ya sa ciwon da ka ɓoye ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Baba a inuwa ɗaya. Ya ba Inna juriyar abin da za ta ji yau. Ni kuma ya ara mini minti ɗaya da kai ranar da za a tashe mu, kafin a fara komai, in ji da kunnena.

Yayanka, wanda har yanzu bai huce ba,
Sabi'u