Yafiyar da Sama'ila Ya Zo Nema

Zuwa ga ƙanena Garba Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, sai biro ya tsaya mini a hannu, don abin da aka saba rubutawa a gaba shi ne fatan kana lafiya, ni kuwa a kan idona aka fita da kai. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma takarda ba ta dame ka ba, cewa kake in yi maka saƙon murya. To, yau babu lambar da za ni tura wa. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta.

Inna tana nan, idanun ne dai suka ƙara rauni. Matarka Saratu ta gama takaba ta koma gidansu a Turba, amma tana kawo mana 'yarka Nana idan hanya ta yi kyau. Yarinyar nan ƙafafunka ta kwaso, duk zanen da na ɗaura mata kafin wata biyu ya ɗage. Gonar Tsamaye babu wanda ya taɓa ta bana, mun bar wa ciyawa. Hanyar Isa kuwa har yanzu sai mutum ya yi sallama da iyalinsa sosai kafin ya shiga mota.

Ba wannan ya zaunar da ni ba. Sama'ila ya zo gidanmu. Sama'ilanka na Isa, wanda kuka hau jirgi ɗaya zuwa ƙasar Turawa. Za shi aikin Hajji, yana zagayen neman yafiya kamar yadda kowane maniyyaci ke yi, shi ne zagayen ya biyo da shi ta ƙofarmu. Kafin in gaya maka yadda muka kwashe, bari in tuna maka abin da ya yi, don na san halinka, kai mai saurin mantuwa ne idan laifin na wani ne.

Ka tuna yadda abin ya faro? Tsawo ya zame maka fitina tun kana yaro. Babu ƙofar da ba ta san goshinka ba a Sabon Birni, tela ya hango ka sai ya fara guna-guni. Malamin wasanni na sakandare ya kafa tsohon bokiti marar gindi a bango ya ce ka jefa ƙwallo ciki. Daga nan sai Sakkwato, daga Sakkwato wani dillali ya kwashe ku kai da Sama'ila ya kai ku waccan ƙasa mai sanyi, ku yi wa wani kulob ƙwallon kwando. Ni har yau ban gane wasan ba. Ƙarti goma suna bin ƙwallo ɗaya, kwandon kuma a huje, duk abin da aka zuba sai ya zube. Abin da na gane kawai, idan ka miƙa hannu babu mai kai inda ka kai.

Baba ya rene mu a kan cewa ɗan mutunci ba ya tambayar ladan aikinsa. Ka yi aiki, ka sunkuyar da kai, abin da aka ba ka ka ce an gode. A nan gida wannan tarbiyya ce mai kyau, don mai gonar da ka yi wa noma gobe sahu ɗaya za ku tsaya a masallaci, kunya ba za ta bar shi ya cuce ka ba. Kai kuma ka ɗauki wannan hali ka kai shi wurin mutanen da ba su haɗa sahu da kai. Da suka tambaye ka nawa kake so, ka ce duk abin da suka ga ya dace. Haba Garba! Wa ke gaya wa ɗan kasuwa haka? Suka kuwa dube ka daga sama har ƙasa, suka ga abin da ya dace da baƙin mutum.

Ka yi shekaru kana ci musu wasa ba ka san komai ba. Kai ka ba ni labarin ranar da idonka ya buɗe. Wani Bature cikinku, wanda yawancin wasa a benci yake ƙare shi da tawul a wuya, ya shiga ƙorafi a ɗakin sauya kaya cewa albashinsa ya yi kaɗan, har ya faɗi abin da ake ba shi. Ka ce sai da ka nemi wuri ka zauna. Abin da yake rainawa ya isa a biya uku daga cikinku ku baƙaƙe biyar da ke kulob ɗin. Su kowa da gidansa, ku an cusa ku gida ɗaya a bayan tashar jirgin ƙasa. Nasu yana shiga ƙarshen wata, naku sai kun yi ta sintiri a ofis. Da ƙungiyar 'yan wasa ta zauna da masu kulob a kan ƙarin albashi, 'yan ƙasa kawai ta yi wa magana, ku ko sunanku ba a ambata ba. Idan kun je wasa wani gari a jefe ku da ɓawon ayaba, a yi muku kukan biri. Idan kun dawo filinku ka ci musu wasa, su yi ta ihu da sunanka da ko faɗinsa ba su iya ba.

Da kuka yi magana, mai kulob ya tambaye ku ko a ƙasarku kuna samun abinci sau uku da ruwan zafi na wanka. Tun ranar da ka gaya mini wannan maganar take ci mini rai. Shi ya ciyar da kai har ka kai wannan tsawon? Geron Tsamaye da nonon shanun Fulaninmu suka gina jikin da yake tara kuɗi da shi.

Shi ne ku biyar kuka yanke shawarar yajin aiki, kai da Sama'ila da 'yan Senegal biyu da wani ɗan Mali. Babu mai taka fili ranar babban wasa sai an biya baƙi yadda ake biyan fari. Tuwon masara ka tuƙa muku, kuka ci a kwano ɗaya, kuka yi alkawari. Kai ne babba, a wurinmu kuma babba ke ɗaukar magana, don haka kai kaɗai ka shiga ofis ka faɗa musu. Ranar wasan kuka zauna a gida. Sama'ila ya ce zai je kanti ya dawo. Kuna zaune sai ga shi a talabijin cikin rigar kulob yana ɗumama jiki. Bai tsaya nan ba, ya gaya musu kai ka zuga saura, su ba su da niyya.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ƙarin da aka yi masa ko rabin albashin Baturen benci bai kai shi ba. Ya sayar da kai, kuma da arha.

Saura suka tsorata suka koma fili, kai aka kore ka. Gwiwarka da ta goce a wasan da ya gabata, wadda likitansu ya ce za a yi wa aiki idan kakar wasa ta ƙare, aka ce ba ruwan kulob da ita tunda kai ka karya kwantiragi. Sauran kulob-kulob suka ji cewa kai mai tayar da fitina ne, kowa ya rufe ƙofa. Ka dawo mana kana jan ƙafa, da jaka ɗaya. 'Yan zaman majalisa suka sami abin yi, wai Dogo ya je Turai ya dawo da ɗingishi. Ni na riƙa gasa maka gwiwar da ruwan zafi ina shafa man kaɗanya, ina zagin Sama'ila, kai kuma kana dariya kana cewa in bar shi kawai. Dariyar nan taka ta sha sa ni in ji kamar in kwaɗa maka ƙwarya a kai.

Sai ka koma noma, don ba ka iya zama ba. Daminar da ta wuce, gero ya kai ƙirji, 'yan bindiga suka ɓullo kan babura da hantsi. Kowa ya duƙa ya kutsa cikin gero da gudu. Gwiwarka ba ta lanƙwasa, ba ta kuma gudu. Mutumin da ya yi shekaru yana ci da gudu da tsalle, ranar da yake buƙatar taku kaɗan ƙafa ta ƙi. Waɗanda suka tsira sun ce da suka waiwaya kanka kaɗai ake gani a saman geron. Ban san fuskar wanda ya harbe ka ba, kullum dai ina roƙon Allah Ya kama shi kamun da ba saki. Amma na san fuskar wanda ya tsayar da kai a wurin.

Makarar masallaci ta yi maka kaɗan. Sai da aka cire ƙyauren ɗakin Baba aka ƙara, duk da haka ƙafafunka sun zarce. Mu mata ba mu bin gawa, ta bakin zaure na leƙa, ƙafafun nan cikin likkafani su ne abu na ƙarshe da na gani naka. Sama'ila bai zo ta'aziyya ba. Saƙo ya turo ta waya.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, don yaya ba ta yabon ƙanenta a gabansa. Lokacin da kake can, nakan biya wurin mai cajin waya in ce ya sa mini bidiyon wasanka, in kalla har sai ya fara ƙosawa. Idan mata suka tambaye ni sai in taɓe baki in ce wasan yara ne ya kai ka. Ƙarya nake, kaina har kumbura yake. Ranar da na fi alfahari da kai kuwa ita ce ranar da ka ƙi yin wasan. Da na sani na faɗa maka lokacin da ƙafarka take kan cinyata.

To, Sama'ila ya zo. Farar mota, babbar riga, ya yi tumbi. Ya bar wasa, yanzu shi ne dillali, ya gina bene a Isa. Ya zo da goro da buhun shinkafa, ya kuma ɗauko Liman don ya yi masa jagora. Ya durƙusa gaban Inna yana hawaye. Ka san Inna, kafin ya rufe baki ta ce ta yafe duniya da lahira. Sai duk suka juyo gare ni, kamar abin da ya rage kawai in ce amin.

Na ce ban yafe ba. Liman ya gyara zama ya tuna mini cewa Allah Yana son masu yafiya. Na ce Allah Ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma a bakin Malam ɗin na ji cewa hakkin bawa Allah ba Ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Na ja buhun shinkafar da hannuna har ƙofar gida na bar shi a nan. Inna ta yi ta kiran sunana, ban waiwaya ba. Tun ranar ba ta yi mini magana sosai, dangi kuma suna ta aiko mini cewa taurin zuciya ba na mace mumina ba ne.

Duk wannan bai girgiza ni ba. Abin da Sama'ila ya faɗa da zai fita ne ya hana ni sukuni. Ya ce kai ka riga ka yafe masa. Wai da rani, kafin rasuwarka, kun haɗu a tashar Isa, ya gaishe ka, ka riƙe hannunsa ka ce ba komai, a bar shi kawai, abin da ya wuce ya wuce. Babu shaida ko ɗaya. Na so in ce ƙarya yake, tunda ya saba. Amma ya kaɗa hannu yadda kake kaɗawa idan ka ce a bar magana, kuma kalmomin naka ne.

Garba, ka yi? Ka tsaya da wannan gwiwar a gabansa ka ba shi hannu? Ka dawo gida na gasa maka ƙafa, na zage shi, ka yi dariya, ba ka gaya mini ba? Ka sake ba da abu mai tsada ba tare da ka tambayi komai ba?

Idan ka yi, naka ka yafe. Gwiwarka ce, guminka ne, ba ni da ta cewa. Inna ma nata ta yafe. Nana idan ta yi hankali za ni zaunar da ita in gaya mata komai, ban rage ba ban ƙara ba, ta yi yadda ta ga dama da nata. Amma ni na goye ka har bayana ya yi ciwo, ni na ga ƙafafunka sun zarce makara, ni ke kwana da tashi a gidan da babu kai. Wannan hakkina ne, babu wanda ya isa ya yafe shi a madadina, har kai.

Ba na yi masa fatan komai ya same shi a hanya. Ya je lafiya ya dawo lafiya. Ina so ya tsaya a Arfa cikin harami, ya ɗaga hannu, sai ya tuna akwai wata mace a Sabon Birni da ta ce a'a. Allah Ya ba shi tsawon rai ya daɗe yana tunawa.

Abu ɗaya nake roƙon ka. Ranar da za a tara mu gaba ɗaya, ka nemo ni ka tsaya kusa da ni. Taron zai yi yawa, ni kuma gajera ce, za ka riga ni hango shi. Ba na neman ka ce komai, na san ba za ka iya ba. Ka nuna mini inda yake kawai, sauran ka bar mini.

Ka huta lafiya, ɗan ƙanena. Sai na iso.

Yayarka da ba ta yafe ba,
Kulu