Musun Faifai da Yaya Sani

Daren Laraba, Tudun Wada

Yau na tarar ana tuna tsohon musun nan a intanet, na faya-fayan wasan gem iri biyu masu hoto tangaran, wanne zai ci kasuwa. Sai Yaya Sani ya faɗo mini a rai. Mun sha tafka musun a shagon gem ɗinsa, kowa da faifan da yake goyon baya, yana cewa, "Kai yaro ne, nawa ya fi araha." Nasa ne ya mutu a kasuwa, na yi ta tsokanarsa har ya kore ni.

Shekara shida ke nan da tafiyarsa Libiya, ba labari. Na sake gwada lambarsa, a kashe. Inna ta tambayi abin da ya hana ni cin tuwo, na ce ciwon kai ne. Ban iya ambaton sunansa a gabanta ba.