Ayar da Mai Ɗinki Ta Tsallake

Zuwa ga ƙanena Fasto,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da jikoki. Yaya ƙafar da ke kumbura? Yaya kunnen? Kunnen nan ne ma ya sa na koma rubutu, don na gaji da yi maka ihu a waya kana amsa mini da amin ko me na faɗa. Kai kunne ya tafi, ni ido ya tafi, a haɗa mu biyu da ƙyar a sami mutum ɗaya. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan da layin da ke gangarawa. Hannuna bai manta aikinsa ba, sai dai abin da na rubuta ba na iya komawa in karanta.

Bayan haka, raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Ka san Mai Ɗinki, wadda shagonta ke jikin ƙofar gidanmu. Tun da yanar ido ta rufe mini gani, shekara biyu ke nan, ita ke shigowa Talata da Juma'a da ƙarfe huɗu, ta zauna a kujerar marigayiya matata ta karanta mini Littafi Mai Tsarki. Ba ni na roƙe ta ba. Wata rana ce ta gan ni riƙe da shi a juye, ta yi dariya ta karɓa. Karatunta ba laifi, ko da yake tana wuce waƙafi kamar ana korarta, sunayen kakanni kuwa yankan almakashi take yi musu. In na gyara mata sai ta ce, to Jan Biro, sunan da yara suka sa mini sa'ad da nake hedimasta.

Juma'ar da ta wuce muna cikin dokokin Musa. Ta karanta dokar bijimin maƙwabci da ya ɓata, da ta sheƙar tsuntsu, da wadda ta hana haɗa ulu da lilin a tufa ɗaya. A nan har ta yi barkwanci, wai ashe duk telolin duniya sun shiga uku. Can ƙasa kaɗan sai na ji takarda ta juya kafin lokacinta. Ni za a yi wa haka? Ni da muka haddace surorin nan muna 'yan shekara goma sha biyu, bulala na kwance a kan tebur? Na ce ta koma baya. Ta ce ai ta karanta. Sai na kawo mata abin da ta tsallake da ka: budurwar da aka yi wa baiko, wani ya kwana da ita a cikin gari, a fito da su biyu ƙofar gari a jefe su, ita saboda ba ta yi ihu ba alhali tana cikin mutane. In kuwa a jeji ne, namijin kaɗai za a kashe.

Ta ce wannan ba zai bi ta bakinta ba. Wai doka ce marar tausayi, wai wanda ya rubuta ta bai taɓa sanin tsoro ba. Na ce ta iya bakinta. Na ce Littafi ba yadi ba ne da za ta yanke inda bai yi mata ba ta zubar a ƙasa. Makaho ya ba ta amanar idonsa, ta cuce shi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ƙanena. Wurare nawa ta tsallake a shekara biyun nan ina zaune ina gyaɗa kai kamar rago?

Ta rufe Littafin, ta ɗora mini a gwiwa, ta fita. Talata ba ta zo ba. Bango ɗaya ne tsakanina da shagonta, ina jin keken ɗinkinta tun safe. Ƙarfe huɗu ya yi, keken bai tsaya ba.

Kai ne ka yi makarantar tauhidi. Ka rubuto mini amsa dalla-dalla, ɗaya, biyu, uku, yadda zan rufe mata baki. Na san dokar daidai ce tun da ta Allah ce, amma da ta tambaye ni dalili, ban sami komai a bakina ba sai tsawa. Ka ba Direba, mai kai mana saƙo, ya kawo mini in zai juyo.

Ka gai da mutan gida duka.

Ni ne yayanka,
Jan Biro

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Ni dai ga ni nan. Ƙirjin ya matsa mini kwana biyu, ya sake.

Takardarka ta iso, shafi huɗu, na ƙirga da yatsa. Sai da Direba ya tafi na tuna abin da ni da kai muka manta: wa zai karanta mini? Mutanen ikilisiya sau ɗaya suke leƙo ni a wata, su yi addu'a da ƙarfi kamar ni ne kurman, su tafi. Kwana uku takardar tana aljihun rigata. A na huɗu na ajiye girman kai na buga bango da sanda.

Ta zo. Ba ta zauna a kujerar ba, a bakin ƙofa ta tsaya, ina jin ƙanshin man keke a hannunta. Na ce ga amsar Fasto, ta karanta da bakinta don ta ƙaru.

Ta karanta. Na farko, ka ce zamanin mai tsanani ne, al'umman da ke kewaye sun fi haka muni, wannan doka ko ba komai ta raba wadda aka tilasta da wadda ta yarda. Na ce, kin ji? Na biyu, ka ce garuruwan da ƙanana ne, gida na jikin gida, wadda ta yi ihu dole a ji ta, don haka shirunta shaida ne cewa da yardarta. Na sake cewa, kin ji? Na uku, ka ce malaman Yahudawa na baya sun kewaye irin waɗannan hukunce-hukunce da sharuɗɗan shaidu da gargaɗi har jifan ya zama abu mai wuyar aukuwa. Na huɗu, ka ce mu yanzu a ƙarƙashin alheri muke, Ubangiji da kansa bai bari an jefi matar da aka kawo gabansa ba. Kalma ɗaya ba ta tsallake ba. Kowane waƙafi sai da ta tsaya a kansa. Ni kuwa ina ta buga sanda a ƙasa don murna, kamar ɗalibina ya ci jarrabawa.

Ta ninke takardar ta sa mini a hannu. Abin da ta faɗa zan rubuta maka shi yadda ya fito, don ita ta ce in rubuta.

"Baba, ni ma a cikin gari ne. Da tsakar rana, a ɗakin bayan shagon da na koyi ɗinki. Labule ne kawai tsakanina da masu sayayya, ina jin muryoyinsu. Na buɗe baki, murya ba ta fito ba. Shekara ashirin da shida ke nan, ko uwata ban gaya wa ba. Ka tambayi Fasto wace ƙofar gari zan je."

Ka san abin da yayanka ya yi? Na buɗe wannan ruɓaɓɓen bakin na ce, to me ya sa ba ki… Ban ƙarasa ba, amma ta ji. Ta ce tambayar da ta hana ta faɗa wa kowa ke nan. Ta ja mini ƙofa a hankali, ko bugawa ba ta yi ba.

Yanzu kai. Kana zaune a kujerarka mai laushi, fanka na kaɗa maka, ka ɗauki biro ka rubuta cewa shirun mace shaida ne. A ina ka koyi wannan? Wa ya taɓa danne ka? Ni ma da na gyaɗa maka kai, ai ni ya kamata in fi kowa sani. Shekara talatin da ɗaya ina kiran yara ofis. Nawa ne suka tsaya a gaban teburina baki na rawa, magana ta ƙi fita? Na ce shirun nan na mai laifi ne, na ce su miƙo hannu. Tun ranar nake jin ƙarar bulalar nan a kunnena, kuma ban san nawa ne a cikinsu ba su yi komai ba.

Kada ka ce mini a yi mata addu'a. Na yi. Tambaya ta yi, amsa take jira.

Yayanka

Zuwa ga ƙanena Fasto,

Ina gaishe ka, ina gai da mai ɗakinka. Na ji ƙafar ta sake tashi, Allah ya sawwaƙe. Duk fushin da nake yi da kai bai hana ni tuna cewa mu biyu kaɗai muka rage a ɗakin uwarmu ba.

Direba ya kawo saƙonka da baki, tun da wannan karon ba ka ga damar rubutu ba. Wai in yi hankali kada in yi saɓo ina bakin kabari. Ya faɗa yana sosa ƙeya, kunya ta kama shi a madadinka. To na gode. Na san inda nake tsaye, na fi ka kusa da ramin. Shi ya sa ba ni da lokacin yi wa Allah ƙarya, in ce abu ya kwanta mini alhali bai kwanta ba.

Na yi ta juya amsoshinka huɗu, tun da ba ni da wani aiki. Ta farko ba ta ƙosar da ni ba. Don maƙwabci ya fi ka mugunta ba ya mai da kai mai adalci. Ta biyu kuwa, kada in sake jin ta daga bakinka, balle a kan bagadin majami'a. Ta uku ce kaɗai na ga mutunci a cikinta. Waɗancan malaman ba su yage shafin ba, ba su kuma ce yana da daɗi ba. Tsoro suka ji, suka yi ta gina shinge tsakanin dutsen da yarinyar. Mu kuwa da muke taƙama da alheri, me muka yi? Mun haddace ayar muna yara, muka rera ta da murya ɗaya don kada a doke mu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce, yarinyar nan fa? Ta huɗu gaskiya ce, da ita nake rayuwa, da ita zan mutu. Amma tsakanin Musa da ranar da Ubangiji ya hana jifan nan akwai ɗaruruwan shekaru. In ko yarinya ɗaya aka fitar ƙofar gari don tsoro ya shaƙe ta, wa zai amsa wannan? Ban bar bangaskiyata ba, kada ka ɗaga hankalinka. Na kusa zuwa gabansa, kuma zan tambaye shi da kaina. Na fi yarda ya tsawata mini a kan tambaya da ya same ni ina kare abin da zuciyata ta ƙi.

Ranar Laraba na sa takalmi. Rabona da fita ƙofar gida tun kafin damina. Ina lalube da bango, sau biyu ina tsayawa in huta, har na kai shagon. Na zauna a bencin masu jira, tsakanin wata mai shirin aure da wata da ta kawo gyaran siket. Mai siket ta tambaya ko Baba ma ɗinkin biki ya kawo. Mai Ɗinki ta ce a'a, gyara ya zo yi wa mutane, sana'arsa ke nan. Suka yi ta dariya, na haɗiye. Sai da shagon ya watse na ce mata ba ni da amsa, Fasto ma ba shi da ita, tambayar da na fara yi mata kuma ina roƙo ta yafe mini. A duk shekaruna na koyarwa ban taɓa ce wa na ƙasa da ni ban sani ba. Keken bai tsaya ba. Ta ce in tashi kada iska ta kama mini ƙirji, ta riƙe mini hannu har ɗaki.

Jiya Juma'a, ƙarfe huɗu, keken ya yi shiru. Ta shigo ta zauna a kujerar. Na ce mu ɗora daga sura ta gaba. Ta ce a'a, Littafi ba yadi ba ne. Ta buɗe daidai wurin, ta fara karantawa a hankali, kalma bayan kalma. Da ta kai ga fito da su ƙofar gari, na ce ya isa, 'yata, tsaya. Ba ta tsaya ba. Ta karanta jifan, ta karanta ihun da ba a yi ba, har ƙarshen surar. Ayar da na haddace shekara sittin da tara da suka wuce, jiya na fara jin ta. Na kasa ɗaga kai. Can sai wani ya buga ƙofar shago yana neman ta. Da za ta fita ta ce sai Talata, kuma in shirya, don ta leƙa gaba ta ga akwai sauran wurare, kowanne sai mun tsaya a kansa.

Saboda haka ka daina aiko mini saƙo da baki kamar mai gudun shaida. Kai fasto ne, tambayarta tana nan a gabanka ba ka amsa ba. Ka zauna ka rubuta. Amma kafin ka ɗora biro a takarda, ka sani ba ni da wani ido sai nata. Duk abin da ka rubuta, ita za ta karanta shi, da bakinta, a gabana, kuma ba za ta tsallake ko kalma ɗaya ba.

Allah ya ba ka lafiya.

Ni ne yayanka,
Jan Biro